Yadda Ake Gano Abin da Kakannin Asu Suka Ci, da Takarda da Fensir

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: faffaɗar takarda, fensir mai magogi, biro kala biyu, sai haƙurin jure sunayen Latin. In kana da gilashin ƙara girma mai ninki goma, madalla, in babu ma aikin zai yiwu. Tambayar da za mu bi ita ce, ƙwaron nan na farko da ya haifi dukkan asu da malam-buɗe-littafi, dangin da masana ke kira Lepidoptera, me yake ci? Ba wanda ya gan shi, bai kuma bar mana abin cikinsa a jikin dutse ba. Amma ana iya kusantar amsar idan aka bi ta kan zuriyarsa da ke raye, muddin an bi su da tsari.

A ƙidayar da masana suka fitar a 2011, nau'o'in wannan dangi da aka raɗa wa suna sun kai kusan 157,000. Kimanin kashi 98 cikin ɗari nasu suna cikin rukuni guda da ake kira Ditrysia, kuma a can ne malam-buɗe-littafi yake, da tsutsar siliki, da asun da ke cin tufafi. Ka ajiye su gefe tukuna. Aikinmu yana cikin ɗan ragowar nan, ƙananan ƙwari waɗanda yawancinsu ba su kai faɗin farce ba, waɗanda rassansu suka balle tun kafin Ditrysia ta bayyana.

Fara da zana bishiyar nasaba

Ka ja layi daga ƙasan takarda zuwa sama. Reshen farko da za ka fitar, can ƙasa, ba na asu ba ne sam. Rubuta masa Trichoptera, wato ƙwarin nan da tsutsotsinsu ke zaune cikin rafi, da yawansu suna ɗinka wa kansu gida da yashi ko guntayen tsinke. Su ne mafi kusancin dangi da Lepidoptera, duka biyun suna saƙa siliki da baki, sai dai fukafukan Trichoptera gashi ne ya rufe su, na Lepidoptera kuwa ƙananan ɓawo masu kama da hoda. Kada ka tsallake wannan reshe. Idan babu ɗan waje a kan bishiyar, ba za ka san wace siffa ce tsohuwa wace ce sabuwa ba, domin babu abin da za ka auna da shi.

Daga nan sai ka hau, kana fitar da reshe ɗaya bayan ɗaya. Na farko gidan Micropterigidae, nau'i kusan 160 masu suna, a warwatse daga Turai zuwa Japan, Niyu Zilan, Niyu Kaledoniya da Afirka ta Kudu. Na biyu Agathiphagidae, nau'i biyu rak, ɗaya a Kwinsland ta Ostireliya, ɗaya a Fiji da tsibiran da ke kusa, waɗanda Dumbleton ya bayyana a 1952. Na uku Heterobathmiidae na kudancin Chile da Ajantina, wanda masanan Denmak biyu, Niels Kristensen da Ebbe Nielsen, suka bayyana a 1979. Duk abin da ya rage a sama da waɗannan ukun sunansa Glossata, masu bututun tsotso. A cikin Glossata reshen ƙasa shi ne Eriocraniidae, sai wasu ƙananan gidaje irin su Acanthopteroctetidae, Neopseustidae da Lophocoronidae, sai Exoporia wanda ya haɗa Mnesarchaeidae da Hepialidae, sai Heteroneura, wanda Ditrysia ke can ƙolinsa.

Da fensir za ka yi wannan zanen, dalilin zai zo.

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa a nan. Mutum zai ga Micropterigidae a reshen ƙasa sai ya ce ai ga kakan nan. A'a. Ɗan baffanka da ya ɗebo kamannin kakanku ba shi ne kakan ba, kama da wane ba ta wane. Micropterix, ɗan gidan Micropterigidae da ke yawo a fure yau, ya yi tafiyar shekaru daidai da wadda malam-buɗe-littafi ya yi tun rabuwarsu, ya riƙe wasu tsofaffin halaye, ya kuma ƙirƙiro nasa sababbi. Shi shaida ne guda cikin shaidu, kuma za a saurare shi tare da sauran.

Tace sunayen da za ka gamu da su

Idan ka buɗe tsofaffin rubuce-rubuce za ka ci karo da rukunai kamar Homoneura, Jugatae, Monotrysia da Microlepidoptera. Ka gane abin da suke nufi, amma kada ka ɗora su a kan bishiyarka. Ƙa'idar da masanin ƙwari Willi Hennig ya shimfiɗa a 1950 ita ce, sabuwar siffa da aka gada tare ita ke tabbatar da dangantaka, tsohuwar siffa da kowa ya taso da ita ba ta tabbatar da komai. Homoneura ya tara duk asun da jijiyoyin fiffikensu na gaba da na baya suke kusan iri ɗaya. To ai haka na Trichoptera ma suke, wato tsohon gado ne. Sabon abu shi ne raguwar jijiyoyin fiffiken baya, kuma wannan ne ya sa Heteroneura ya zama rukuni na gaskiya. Haka Monotrysia, inda mace ke da kafa ɗaya ta barbara da ta saka ƙwai, tsohon tsari ne. Kafa biyu da aka haɗa da bututu ta ciki ita ce sabuwar alamar Ditrysia.

Kai, kalmar asu ma kanta ba rukunin nasaba ba ce, tunda malam-buɗe-littafi reshe ne da ya fito daga tsakiyarsu.

Ƙa'idar nan ta Hennig ce ta raba gidaje ukun farko. Da Agathiphaga da Heterobathmia, lokacin da aka fara bayyana su, a cikin Micropterigidae aka saka su, saboda duka suna da muƙamuƙi. Muƙamuƙi kuwa tsohon gado ne, fara na da shi, buzuzu na da shi. Da aka samo tsutsar Heterobathmia aka duba ta da kyau, sai Kristensen da Nielsen suka ware mata nata babban rukuni a 1983. Shi ya sa rabon da aka fi amfani da shi yau yake da manyan sassa huɗu: Zeugloptera, Aglossata, Heterobathmiina da Glossata. Uku na farko gida ɗaya ɗaya ne a cikinsu, wato Micropterigidae, Agathiphagidae da Heterobathmiidae bi da bi, na huɗun ya kwashe duk sauran.

Biro na farko: bakin balagagge

Yanzu ɗauki biro, a kan kowane reshe ka rubuta yadda bakin babban ƙwaron yake. Kada ka haɗa abincin balagagge da na tsutsa a layi ɗaya. Tambayoyi biyu ne daban, kuma rabin ruɗanin da nake gani a wannan fanni daga cakuɗa su yake tasowa.

Wanda ke Turai a watan Mayu ko Yuni zai iya ganin shaidar farko da idonsa. A gefen daji mai damshi, cikin furen Ranunculus mai ruwan ɗorawa, akan tarar da Micropterix calthella sun taru da rana tsaka, kowane faɗin fukafukansa bai wuce milimita 10 ba, jiki na ƙyalli kamar tagulla, kai da tuntun gashi ja-ja. Linnaeus ya ba shi suna tun 1761. Ka kusanto da gilashi sannu a hankali, za ka ga ba tsotso yake yi ba. Yana yakuto ƙurar furen da dogayen gaɓoɓin gefen bakinsa, yana turawa ciki, muƙamuƙai na niƙawa. 'Yan'uwansa Sabatinca na Niyu Zilan ƙurar haihuwar tsiron fen suke ci, tsiron da ba ya fure ko kaɗan. Heterobathmia shi ma yana tauna ƙurar furen itacen Nothofagus. Agathiphaga yana da muƙamuƙi, ba shi da bututu.

A kan Eriocraniidae ne abin ya juya. Balagaggensa yana da ɗan gajeren bututu mai naɗewa, wanda aka yi daga gaɓoɓi biyu na muƙamuƙin ƙasa da suka tsawaita suka manne, yana shan ruwa da ɗanyen ruwan itace da shi. Abin sha'awa, a matakin kwanci, tsakanin tsutsa da balagagge, har yanzu yana da manyan muƙamuƙai, da su yake yage kwanson silikinsa ya tono hanya zuwa saman ƙasa. Ka rubuta wannan a gefe, tsohon makami ne da aka bar wa aiki ɗaya tak.

Lissafin wannan layi ba wuya. Rassa uku na ƙasa duka masu tauna ne, sauran ƙwarin duniya ma galibi haka, saboda haka kakan yana tauna, bututu kuma sau ɗaya ya bayyana, a gindin Glossata. A wannan kam ina iya kafa ƙafa.

Biro na biyu: inda tsutsa ke ci

A nan ne aikin yake, domin tsutsa ce ke cin kusan duk abincin da asu zai ci a rayuwarsa. A kan kowane reshe rubuta abu biyu, me take ci, kuma a waje take ko a cikin jikin tsiro.

Tsutsar Micropterigidae a waje take, a ƙasa, cikin danshi. Da yawa suna kiwo a kan shimfiɗaɗɗiyar gansakukar nan mai faɗi da ke manne wa jiƙaƙƙun duwatsu a bakin rafi. A Japan, binciken Imada da abokan aikinta na 2011 ya nuna nau'o'i fiye da 20 da suka dogara ga irin gansakuka guda, Conocephalum conicum. Amma jinsin Micropterix na Turai ya bambanta, tsutsarsa tana cikin ruɓaɓɓen ganye da saman ƙasa, tana cin ruɓaɓɓun abubuwa da zaren naman gwari, wani lokaci har da ɗanyen tsiro. Rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗin labari.

Tsutsar Agathiphaga ba ta da ƙafafu na kirki, a cikin ƙwayar irin itacen kauri take, wato Agathis, wani tsohon itace marar fure. Tana cinye cikin ƙwayar, ta rufe kanta, ta kwanta. An taɓa samun wadda ta yi shekara 12 a kwance kafin ta fito. Tsutsar Heterobathmia kuwa tana haƙa rami tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta ganyen Nothofagus. Haka ta Eriocraniidae take yi a ganyen itatuwan Betula da Quercus a arewacin duniya da farkon bazara. Idan ka samu irin wannan ganye, ɗaga shi sama ka sa rana a bayansa. Za ka ga faffaɗan tabo fari ko ruwan ƙasa inda aka cinye koren ciki, da kashin tsutsar a miƙe kamar baƙin zare mai lanƙwasa, wani lokaci har da inuwar tsutsar kanta tana motsi. Wannan kashi mai kama da zare shi ne alamar da ake gane gidan da ita.

Acanthopteroctetes na yammacin Amurka shi ma mai haƙa ganye ne. A kan Lophocoronidae na Ostireliya ka bar gurbi a buɗe, domin ba a taɓa samun tsutsarsa ba, kuma gurbi a buɗe ya fi cikon ƙarya. Mnesarchaeidae na Niyu Zilan sun koma ƙasa, suna saƙa hanyoyin siliki cikin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Hepialidae da yawa suna fara rayuwa cikin ruɓaɓɓen ganye, daga baya su huda saiwa ko kara. Nepticulidae, mafi ƙanƙanta cikin asu, masu haƙa ganye ne. A kan Trichoptera rubuta: waje, cikin ruwa, galibi ruɓaɓɓen ganye da gansakukar ruwa.

Ƙirga sauyi

Ƙa'idar ita ce, ka gwada kowace amsa a gindin bishiyar, ka ƙirga sau nawa dole hali ya sauya kafin a samu abin da ke kan rassan yau. Amsar da ta buƙaci sauyi mafi ƙaranci ita ake fara riƙewa. Mu tsaya kan rassa biyar na ƙasa don sauƙi.

Ka ce kakan a waje yake ci. Trichoptera waje, Micropterigidae waje, sai sauyi ɗaya bayan ballewar Micropterigidae, daga nan Agathiphagidae, Heterobathmiidae da gindin Glossata duka suka gaji zaman ciki. Sauyi ɗaya ke nan. Yanzu ka ce a ciki yake ci. Dole a shiga ciki a gindin Lepidoptera, sannan Micropterigidae su sake fitowa waje. Sauyi biyu. Waje ya yi nasara.

To ɗauki magogi. A 2015 Jerome Regier da abokan aikinsa sun fitar da nazari a kan ƙwayoyin gado 19, kuma a bishiyarsu Micropterigidae da Agathiphagidae sun fito a matsayin shaƙiƙan juna, reshe ɗaya mai baki biyu, ko da yake goyon bayan bai yi ƙarfi ba. Sake zana naka haka, ka sake ƙirgawa. Idan kakan a waje yake, Agathiphaga ya shiga ciki shi kaɗai, Heterobathmia da Glossata su ma suka shiga nasu, sauyi biyu. Idan a ciki yake, an shiga sau ɗaya, Micropterigidae suka fita, sauyi biyu. Kunnen doki. Reshe ɗaya aka gusar, ba a taɓa bayanin abincin kowa ba, amma amsar da ta zama kamar tabbatacciya ta koma canjaras.

Wannan shi ya sa nake cewa duk wanda ya gaya maka abin da kakan asu ya ci, ka fara tambayarsa a kan wace bishiya ya tsaya. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya da ƙwayoyin gado masu yawan gaske, na Bazinet a 2017 da na Kawahara a 2019, sun mayar da Micropterigidae matsayinsa na reshen farko shi kaɗai, kamar yadda masu nazarin siffar jiki irin su Kristensen suka daɗe suna faɗa. Don haka ni ina tare da zane na farko. Akwai kuma wani abin da ƙirga ba ta gani: huda ƙwayar irin itace marar fure da haƙa ganyen itace mai fure, anya hali ɗaya ne? Mun kira su duka "ciki" don sauƙin lissafi, amma yana iya yiwuwa kowanne da hanyar da ya bi ya shiga. Idan ka raba su gida biyu, sai ka ga zaman waje ya yi nasara a bishiyoyin biyu duka.

Abu ɗaya daga aikin 2015 ya zauna daram, haɗuwar Heterobathmiidae da Glossata, rukunin da suka raɗa wa suna Angiospermivora, wato masu cin tsire-tsire masu fure.

Auna amsarka da shekaru

Kada ka tsaya a ƙirga. Tambayi kanka, abincin da na rubuta, yana nan a duniya lokacin da wannan reshe ya balle? Ƙurar tsire-tsire masu fure da aka tabbatar a cikin duwatsu ta fara bayyana ne a farkon zamanin Kiretashiyos, wajen shekara miliyan 135 da suka wuce. Asu sun girme ta nesa ba kusa ba. Archaeolepis mane, ɗan fiffike mai ɓawo da aka samu a Dorset ta Ingila, ya kai kimanin shekara miliyan 190. A 2018 kuma van Eldijk da abokan aikinsa suka ba da rahoton ɓawon fukafukai kusan 70 da suka tsinto daga dutsen da aka haƙo a Schandelah, arewacin Jamus, masu shekara kimanin miliyan 200. Wasu daga ciki masu rami ne a tsakiya. Na Micropterigidae da Eriocraniidae a cushe suke, masu rami kuwa irin waɗannan an san su ne da rassan Glossata na sama. Ma'ana, bututun tsotso ya riga furen da muke ɗauka don shi aka yi shi. Ƙiyasin Kawahara ya sa bayyanar bututun wajen shekara miliyan 241, asalin dangin gaba ɗaya kuma wajen miliyan 300.

Saboda haka koma kan biro na farko ka gyara. Micropterix yana cin ƙurar Ranunculus yau, amma kakan ba zai ci ta ba, babu ita. Abin da ke nan a lokacin shi ne ƙurar haihuwar fen da danginsa, da ƙurar itatuwa marasa fure, don haka Sabatinca ya fi Micropterix kama da tsohon hali a wannan fuska. Bututun farko ma, abin da ya fi dacewa shi ne ruwa ya fara sha, da ɗigon zaƙi da itatuwa marasa fure ke fitarwa don kama ƙura. Ka kuma lura cewa ƙiyasin ƙwayoyin gado da shaidar dutse ba nauyinsu ɗaya ba. Miliyan 200 abu ne da aka riƙe a hannu, miliyan 300 lissafi ne.

Game da tsutsa, gansakuka da ruɓaɓɓen tsiro duka suna nan tun kafin asu, saboda haka shekaru ba su raba wannan gardama ba. Masu cewa gansakuka suna nuna yawan jinsunan Micropterigidae da ke cin ta a nahiyoyi masu nisa da juna, da kuma Parasabatinca, tsohon ɗan gidan da aka samu cikin daskararren ƙaron Labanan, mai shekara wajen miliyan 125, wanda ya nuna gidan ya daɗe da siffarsa. Masu cewa ruɓaɓɓen ganye da naman gwari suna nuna Micropterix, da Trichoptera, da Exoporia. A ganina, inda take zaune ya fi abin da take ci tabbata: a ƙasa, a waje, cikin danshi. Wanda ya rubuta "gansakuka" ba tare da "mai yiwuwa" ba ya wuce gona da iri. Tsutsar nan da kowa ya sani, mai rarrafe a kan ganye tana gatsa gefensa, ta zo ne can baya a cikin Ditrysia, bayan doguwar zama a ɓoye cikin tsiro.

Idan sabon nazari ya fito

Duba abu uku kafin ka goge naka. Wane gida aka saka, wane aka rasa? Ƙananan gidajen nan samun su wuya ne, kuma rashin ɗaya yana iya karkatar da reshe. Ƙwayoyin gado nawa aka duba? Sai lambar da ake rubutawa a gindin kowane reshe, daga 0 zuwa 100, mai nuna ƙarfin goyon baya. Abin da ya gaza 70 ka ɗauke shi shawara ce.

Ka kuma bar fili a tsakiyar takardar, domin sababbin rassa na iya zuwa. A 2015 aka bayyana Aenigmatinea glatzella daga Tsibirin Kangaru na Ostireliya ta Kudu, ƙaramin asu mai launin zinariya da shunayya, wanda Richard Glatz ya gano, tsutsarsa kuma tana cikin rassan itacen Callitris marar fure. Ƙwayoyin gadonsa sun kai shi kusa da Neopseustidae da Acanthopteroctetidae. Wannan haɗuwa, tare da matsar da Lophocoronidae zuwa gefen Exoporia, ta rushe tsohon rukunin Myoglossata, wanda aka gina a kan tsokar da ke cikin bututun tsotso. Idan sabon zanen ya tabbata, wannan tsoka ko dai sau biyu ta bayyana, ko kuma wasu rassan sun taɓa samunta suka rasa. Ƙara layi na uku a takardarka, ka sa wa kowane reshen Glossata alamar yana da tsokar ko ba shi da ita, ka ƙirga kamar yadda ka yi wa tsutsa.